Ƙwallon Nama da Ba Ya Wargajewa a Cikin Miya

Assalamu alaikum uwargida, barkanki da warhaka. Yau rabin kilo na naman sa za mu sarrafa ya ishi gida guda, kowane yaro ya samu rabonsa a saman shinkafa ba tare da rigimar wa ya fi wa tsoka ba. Ƙwallon nama za mu yi, irin wanda Larabawa da Turkawa ke gasawa a tsinke, mutanen Italiya kuma suke dafawa cikin miyar tumatir.

Aikin yana farawa tun daga teburin mahauci. Ko Kasuwar Sabon Gari kika je, ko Tudun Wada, ko Samaru a Zariya, kada ki ce a zaɓo miki jan nama zalla. Ki ce, "Malam, a haɗa min da ɗan kitse, amma a cire jijiya." Kitsen ya kai kamar kashi 1 cikin 5 na naman. Da yawanmu muna gudun kitse, to amma a wannan girkin shi ne ke narkewa a ciki ya hana naman bushewa. Tsoka zalla in ta sha wuta sai ta ƙanƙance ta yi tauri, yara su tauna su gaji.

In akwai injin niƙa nama, shi ke nan. In babu, ki yayyanka shi ƙanana ki daka a turmi, ko ki niƙa a bilenda kaɗan-kaɗan, kina kunnawa kina kashewa. Kada ya yi laushi ya zama kulli, ki bar shi da ɗan gari-gari.

Yanzu sai burodi. Yanka biyu na burodi ne na cire ɓawon, na jiƙa da madara cokali 5, na bar shi minti 5 ya sha. Wasu na ɗauka dabara ce kawai ta ƙara auki. Aukin yana nan, amma ainihin aikin burodin shi ne ya shiga tsakanin naman ya riƙe ruwa, ta yadda in wuta ta matse naman, romon ba zai tsere ya bar shi ba. Burodin jiya ma ya fi, don ya fi shan madara.

Sai albasa, wadda ita ce take yawan ɓata wa mutane wannan girki. Ki goga guda ɗaya matsakaiciya a magogi, ki zuba a tsumma mai tsabta ki matse. Kin ga ruwan da ya fita? Da ya shiga cikin haɗin, da ƙwallon ya saki jiki tun a kasko. Ruwan kada ki zubar, ki ajiye wa miya.

Ki haɗa naman da burodin da albasar, ƙwai 1, tafarnuwa ƙwaya 3, attarugu daidai bakin gidanki, citta, masoro, ɗan kanumfari, dunƙulen ɗanɗano 1 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Lawashin albasa in kin samu yana ƙara ƙamshi. Ni dai ba na cika kori a nan, don yana danne ɗanɗanon naman.

Cakuɗawa da hannu ake yi, kuma a nan ake son kula. Gishiri yana fito da wani sinadari mai yauƙi daga jikin naman, shi ne ke manna haɗin ya zama abu ɗaya. In ba ki cakuɗa sosai ba, ba zai kama ba. In kuma kika yi ta murza kamar kwaɓin fulawa, zai kama fiye da kima ya yi tauri. Da zarar kin ɗebo kin kife tafin hannunki kin ga bai faɗo nan take ba, ki tsaya.

Kafin ki cura duka, ki soya ɗan ƙarami ki ɗanɗana. Gishiri ne ko yaji, yanzu ake gyarawa.

Ki shafa ɗan mai a hannu, ki riƙa ɗibar cokali guda kina curawa yadda ake cura fura, ba tare da matsewa da ƙarfi ba. Rabin kilo zai ba ki 20 zuwa 25. Ki jera a faranti ki sa a firij minti 20 su ɗan daskare.

Man gyaɗa ya yi zafi a matsakaiciyar wuta, ki jera su da tazara. Kada ki taɓa su sai ƙasan ya yi ja ya saki kaskon da kansa, sannan ki juya. Minti 5 zuwa 6 ya isa, launi kawai muke nema. Sai ki tsoma su cikin soyayyar miyar tumatir da tattasai, ki rage wuta, ki rufe minti 15. In za ki juya, ki girgiza tukunyar maimakon sa ludayi.

Niƙaƙƙen nama ba a barinsa da ɗanye a ciki, domin niƙa yana shigar da ƙwayoyin cutar da ke bayan naman har tsakiyarsa. Mai ma'aunin zafi ta tabbatar cikin ya kai digiri 71 a ma'aunin Selsiyos, na kaza kuma 74. Wadda ba ta da shi ta fasa mafi girma ta duba ko ya dahu har tsakiya.

Yana shiga da shinkafa, taliya, kuskus, har alkubus da sinasir. Abin da ya rage yana kwana 3 zuwa 4 a firij, in wutar lantarki na zama. A zafin watan Maris da Afrilu na Zariya kuwa, kada ki bar tukunyar a waje fiye da awa 1 bayan an gama ci. In ba ki da tabbacin wuta, ki cura iya wanda za a cinye a ranar.