An ce Najeriya ta ci rarar ciniki, to me ya sa shayi ya ƙara kuɗi?

Assalamu alaikum jama'a. Yau daga teburin mai shayi za mu fara, nan bakin Taminus a cikin garin Jos, da sanyin safiya.

Ku dubi abin da ke kan teburin nan. Burodin a unguwa aka gasa shi, amma alkamar da aka yi fulawar jirgin ruwa ne ya sauke ta a Legas, don abin da muke nomawa bai kai kashi 10 cikin ɗari na abin da muke ci ba. Madarar gari yawanci daga Turai take. Sukari a gida ake tace shi, ɗanyensa kuwa galibi daga Birazil. Taliyar da ake soyawa ita ma alkama ce. Abin da za mu bugi ƙirji mu ce namu ne, ƙwai ne da albasa da attarugu.

Duk waɗancan da dala aka sayo su. To ina muka samu dalar? Amsar tana cikin abin da ake kira ma'aunin ciniki.

Ba wani abu ba ne mai wuya, littafin ɗan kasuwa ne. A shafi ɗaya a rubuta kayan da ƙasa ta sayar wa duniya, a ɗayan a rubuta abin da ta sayo. Idan na sayarwa ya rinjaya, an ci rara. Idan na saye ya rinjaya, an samu giɓi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke Abuja ce ke fitar da wannan lissafi duk bayan wata uku.

A 2020, shekarar korona, farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, muka faɗa giɓi. A 2021 ma giɓin ne. Daga 2022 aka dawo rara, a 2024 kuma ta yi tsalle: mun fitar da kaya na kusan naira tiriliyan 77, mun shigo da na kusan tiriliyan 60, rarar ta haura tiriliyan 16.

Sai dai kowa ya san yadda 2024 ta kasance a kasuwa. Shekarar ce hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, mudu ya gagari magidanta. Yaya aka yi ƙasa ta ci rara, talaka kuma ya rage madara a shayinsa?

Mu fara da naira. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki farashin canji. Dalar da gwamnati ke lissafawa kan naira 460 da 'yan kai, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,500. Mu ɗauka gangar mai dala 80 ce. A tsohon canji naira 36,800 ke nan. A sabon canji, 120,000. Ganga ɗaya ce, man ciki bai ƙaru ko da cokali ba, amma a takarda ta ninka fiye da sau uku. Don haka duk sanda kuka ji an ce cinikin waje ya kafa tarihi, ku tambaya: da naira aka auna ko da dala?

Sannan rara tana iya zuwa ta ƙofar da ba a so. Idan dala ta yi tsada, mai shigo da kaya da ya saba ɗauko kwantena biyu sai ya koma ɗaya. Mai sha'awar mota 'yar Beljiyam ya haƙura ya kai tsohuwar wurin bakanike. Shafin saye ya ragu, rara ta fito, alhali ba arziki ne ya ƙaru ba, aljihu ne ya tsuke. Gidan da aka daina cefane ai dole kuɗi su yi saura.

Amma kada mu zama masu ganin baƙi kaɗai, akwai canji na gaske. Shekara da shekaru muna sayar da ɗanyen mai, mu dawo mu sayi fetur daga Turai, saboda matatun Fatakwal da Warri da Kaduna sun fi daɗewa a kwance fiye da a tsaye. Kamar manomi ne ya sayar da geronsa da safe, da rana ya bi mai fura yana taya dunƙule. Fetur na cikin manyan abubuwan da ke cinye mana dala. Matatar Ɗangote da ke Lekki, mai iya tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, shigo da tataccen mai ya ragu, har ana fitar da man jirgi da dizal zuwa waje. A ganina wannan ne sauyi mafi nauyi da ya taɓa shafin sayenmu a 'yan shekarun nan.

Yanzu mu juya shafin sayarwa. Nan fa labarin kusan ɗaya ne tun shekarun 1970: mai da iskar gas su ne kusan komai. Masu saye ne kawai ke canzawa. Da Amurka ce babbar mai sayen manmu, da ta fara haƙo nata daga cikin duwatsu sai ta ja baya, har a 2014 cinikin ya kusa tsayawa cak. Indiya da Sifen da Holan da Faransa suka maye gurbin. A gefen saye kuwa Sin ce kan gaba, tun daga wayar hannu har injin niƙa.

Mutumin Jos ba sai an yi masa dogon bayani a kan haɗarin dogaro da kaya ɗaya ba. Ruwan nan da kuke gani a gefen hanyar Bukuru ba tafki ba ne na Allah da Annabi, ramin kuza ne. Tun farkon ƙarnin da ya wuce kamfanonin Turawa suka cika tsaunukan nan. Saboda kuza aka jawo layin dogo daga Zariya zuwa nan wajen 1914, saboda ita kuma kakannin da yawa daga cikinmu suka taso daga Kano da Zazzau da Bauchi da Sakkwato. Lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da Ingila ke samun kuza a cikinta, a 1942, har aikin dole aka sa mutane don Ingila ta samu kuza. A wancan zamani kuza da gyaɗa da auduga da koko da manja da fatu su ne ke kawo wa ƙasar nan kuɗin waje.

Sai aka samu mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Da kuɗinsa suka malalo, naira ta yi ƙarfi har ta fi dala daraja. Ji daɗin hakan ya yi yawa, amma ya sa sayo kaya daga waje ya fi noma su araha, kayanmu kuma suka yi wa baƙi tsada. Ga fari, ga cutar gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. Kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, kasuwarta ta duniya kuma ta rushe a Landan a 1985. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

A 'yan shekarun nan kayan da ba mai ba sun ɗan ɗaga kai. Koko ya wuce dala 10,000 a kan tan ɗaya a 2024. Riɗi daga Jigawa da Nasarawa da Binuwai yana tafiya Japan da Sin da Turkiyya. Zoɓo yana zuwa Meziko, kashu Biyetnam da Indiya, ga citta daga kudancin Kaduna, ga takin yuriya. Yawancinsu ɗanye suke fita, ribar sarrafawa ta wasu ce. Wani lokaci ma mu muke rufe wa kanmu ƙofa: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya.

Wani abu kuma, littafin ba ya ganin komai. Shanun da ke shigowa daga Nijar ta Maigatari, hatsin da ke fita ta Jibiya da Illela, dilar gwanjon da ake kwancewa a Katako wadda a hukumance an hana shigo da ita, da yawansu ba sa bi ta teburin kwastam. Kuɗin aikin Hajji, da na makaranta a waje, da na asibiti a Misira ko Indiya, su ma dala ce ke fita, amma a wani littafin daban ake rubuta su, na Babban Banki, tare da abin da 'yan uwanmu na ƙetare ke aikowa gida.

Kuza kuwa ta dawo da tsada, don da ita ake liƙa wayoyin cikin kwamfuta da wayar hannu. Ku bi ta wajen Barikin Ladi, za ku tarar da matasa da shebur da kwano suna wanke ƙasa a bakin tsofaffin ramuka. Buhun da suka tara zai bi mota zuwa Legas, ya hau jirgin ruwa. Wayar da ke hannun mai shayin nan, ba mamaki akwai ɗigon ƙasar Filato a cikinta.