Gurbin Makarantar Jinya: Maki Ne Ke Bayarwa, Ko Wa Ka Sani?

Jama'a, assalamu alaikum. Duk shekara idan aka kafe sunayen waɗanda suka samu makarantar koyon aikin jinya, za ka ga cincirindo a gaban allo, kowa na bin layi da ɗan yatsa. Wata ta yi guɗa, wata ta juya tana share hawaye da gefen hijabi. Kafin a kai bakin ƙofa kuwa za ka ji maganar da aka saba: ai sai kana da uwa a gindin murhu. Yau za mu bi hanyar tun daga sayen fom har zuwa wannan allo, mu ga inda ma'auni yake aiki da inda son rai yake samun ƙofa.

Me ya sa guraben suka yi ƙaranci tun farko? Makarantar jinya ba ta ɗaukar yawan ɗaliban da ta ga dama. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda aka kafa da dokar soja ta 1979, ita ke yanka wa kowace makaranta adadinta, bayan ta duba yawan malamai, ɗakunan gwaji, da asibitin da ɗalibai za su koyi aiki. Wanda aka ɗauka sama da wannan adadi, hukumar ba za ta yi masa rajista ba, kuma ba rajista ba jarrabawar samun lasisi. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da ƙara guraben makarantun kiwon lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Ƙari ne babba, amma masu nema sun fi haka nesa ba kusa ba, musamman yanzu da ake ganin takardar nas tana iya kai mutum Ingila ko Saudiyya.

Matakin farko ba shi da gardama sosai. Kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a WAEC ko NECO, cikin zama bai wuce biyu ba. Ko kana da su ko ba ka da su. Sai JAMB. A da jami'o'i ne kawai masu digirin jinya na shekara biyar suke bi ta nan, su kuwa makarantun jinya na jihohi da na asibitocin koyarwa kowace ta shirya tata jarrabawar. Yanzu da ake mayar da su kwalejoji masu ba da difloma ta ND da HND, su ma sun shiga layin JAMB, wadda jimillar makinta 400 ne. Tun 2017 kuma JAMB ta fito da tsarin CAPS, wanda ke nuna wa ɗalibi a intanet ko an ba shi gurbi, kuma yake wahalar da makaranta ta tsallake mai maki da yawa ba tare da dalili ba.

To, tunda akwai lambobi, ai magana ta ƙare ke nan? A jera daga sama zuwa ƙasa, a ja layi?

A nan ne nake so mu tsaya. A ce ga 'yan mata biyu. Ɗaya ta yi makarantar kuɗi a cikin birnin Kaduna, akwai ɗakin gwaji, akwai malamin lesin, ta taɓa kwamfuta tun tana firamare. Ɗayar ta fito daga sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye, inda malami ɗaya ke haɗa Fiziks da Kemistiri, kuma ranar jarrabawar JAMB ce rana ta biyu da ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta. Ta farko ta ci 230, ta biyu 205. Lambar gaskiya ta faɗa, ba wanda ya taɓa ta. Amma me ta auna? Ta auna ƙwaƙwalwa, ta kuma auna aljihun uba da inda aka haifi yarinya, duk ta dunƙule su wuri guda.

Wannan ne ya sa gwamnatin tarayya take raba guraben jami'o'inta kashi uku: 45 cikin ɗari ga cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke kewaye da makarantar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. Makarantun jihohi su ma sukan raba nasu a kan ƙananan hukumomi. Mutane da yawa na ganin wannan zalunci ne ga mai ƙoƙari, kuma ban raina ƙorafinsu ba, domin wanda ya ci 240 aka bar shi ya ga an ɗauki mai 210, ba wa'azin da zai sanyaya masa zuciya. Sai dai aikin jinya yana da wata larura tasa. Asibitin ƙauye yana buƙatar wadda za ta zauna a ƙauyen, ta ji yaren mai naƙuda, mijin ma ya yarda ta duba matarsa. 'Yar birni sau da yawa kafin shekara ta zagayo ta nemi canjin wurin aiki. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta tallafa daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, a kan wannan ya ginu. Bai rage wa 'yan matan karkara sharaɗi ba. Shekarar share fage ya ba su, aka koyar da su har suka samu kiredit ɗin, suka shiga ta ƙofar da kowa ke bi. A ganina wannan ya fi a sauke ma'auni, domin allura ba ta san daga wace ƙaramar hukuma hannun da ya riƙe ta ya fito ba.

Saboda haka rabon gurabe ba shi ne ɓarakar ba, matuƙar an faɗe shi a fili kafin a sayar da fom. Ɓarakar tana inda babu mai gani.

Ɗauki intabiyu. Dalilinsa mai kyau ne, domin takarda ba ta nuna haƙuri ko iya magana da mara lafiya. Amma mutum uku a ɗaki, minti biyar, ba tambayoyi tsayayyu, ba takardar maki. Wannan an tambaye ta aikin zuciya, waccan an tambaye ta 'yar gidan wane ce. Idan intabiyu irin wannan ya ɗauki kaso mai tsoka na maki, to duk wahalar JAMB ana iya goge ta da biro ɗaya. Jami'ar McMaster ta Kanada ta fito da wata dabara a farkon shekarun 2000: maimakon zama ɗaya, ɗalibi ya zagaya tebura da dama, kowane da mai tambaya daban da matsala daban, minti kaɗan kaɗan, sannan a haɗa makin. Mutum ɗaya ba zai iya ɗaga ka ko ya kayar da kai ba. Ba ya buƙatar wata na'ura, ɗakuna ne da agogo da tambayoyi iri ɗaya ga kowa.

Sai kuma abin da kowa ya sani ake magana ƙasa-ƙasa: takardun alfarma. Sunaye daga ofishin wane, daga fadar wane, daga ɗan majalisa. Shugaban makaranta ma sau da yawa ba da son ransa ba ne, kujerarsa yake karewa. Amma tunda an ƙayyade adadi, duk sunan da ya shigo ta taga, wani ne aka fitar ta ƙofa, kuma wanda aka fitar ɗin ba zai taɓa sanin shi ne ba. Haka takardar shaidar ƙaramar hukuma: idan ana iya sayenta, gurbin da aka ware wa 'yar ƙauye ɗan birni mai hanya ne zai cinye.

Alfarma kuma tana da iyaka. Bayan an shiga akwai watannin farko na horon share fage da ɗalibai ke kira PTS, da jarrabawar da ke tankaɗe aji tun kafin a ɗora wa kowa hular nas. Wanda aka cusa ba shiri, sau da yawa a nan yake zubewa, gurbin ya tafi a banza, ita kuwa wadda aka ture tana gida tana jiran wata shekara.

Idan ke ɗaliba ce, kai ma uba ka saurara, ga abin da za ki nema kafin ki biya kuɗin fom: nawa ne kason JAMB, nawa ne na jarrabawar makaranta, nawa ne na intabiyu? Gurabe nawa NMCN ta ba su? Idan sakamako ya fito, za a kafe makin kowa da inda aka ja layi a kowace ƙaramar hukuma, ko sunaye kawai? Kuma idan kina ganin an yi kuskure, wa za ki rubuta wa, cikin kwana nawa? Ki tambaya a ofishin rajista, ki kuma nemi a nuna miki a rubuce.