Na ba kwamfuta ƙofa 12, ku ga abin da ta yi

Salamu alaikum jama'a. Ƙarfe tara na dare yanzu a nan Jamus, kowa ya watse, ni kaɗai na rage a ɗakin bincike, don abin da na gani yau ya hana ni tashi.

Aikina shi ne koya wa manhajar zane ta gane abin da injiniya yake zanawa. A wurinta komai layi ne da kusurwa, mu kuwa so muke ta san wannan bango ne, wannan ƙofa ce, kuma a jikin bango ƙofa take zama. Taswirar abubuwa da alaƙar da ke tsakaninsu ke nan, irin wadda masanin kwamfuta Peter Chen ya fito da ita a 1976. Galibi mutum ne ke zama ya tsara ta da hannu. Ni kuwa zanen ƙofa 12 na zuba mata, na ce ta tsamo tsarin da kanta.

Wallahi ta tsamo! Ku dubi allon nan: ga firam, ga ƙyaure, ga mariƙi, kowanne an ɗaura shi inda ya dace. Mako uku ina fama, sai yau. Har da kewar gida ta kama ni, na rasa wanda zan yi wa murna da Hausa, shi ya sa na kunna kyamara.

Amma ga wani abu. Ta kafa doka wai duk ƙofa faɗinta santimita 90 ne, saboda duk misalan da na ba ta haka suke. Sai na tuna aikin masanin kwamfuta Patrick Winston a jami'ar MIT ta Amurka a 1970: ya nuna wa kwamfuta ginshiƙi biyu da aka ɗora wa na uku a kai, ya ce ga tsarin da yake so ta koya, sannan ya matso da biyun har suka haɗe, ya ce wannan ba shi ba ne. Daga nan ta koyi dole a bar fili a tsakani.

Haka na yi. Na ƙara ƙofa mai santimita 70, dokar faɗi ta rushe. Na zana ƙyaure jingine da bango, na ce wannan ba ƙofa ba ce, nan take ta gane sai da huda a bangon.

Don Allah in za ku gwada, kada ku kwaso misalai daga gini ɗaya kamar yadda na yi, awa shida ya ci mini. Gobe in Allah ya kai mu, taga zan ba ta, in ga ko za ta bambanta ta da ƙofa.