Kukan Maguɗi da Rabuwar Kawuna a Zaɓukan Nijeriya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu maza da mata, da sauran 'yan'uwa da suka cika wannan ɗaki, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

An nemi in yi magana a kan rabuwar kawuna a siyasa, da zargin maguɗin zaɓe, da abin da waɗannan biyu suke yi wa lafiyar dimokuraɗiyya. Mutane da yawa, da zarar an ambaci wannan batu, Amurka hankalinsu yake tafiya, inda Donald Trump ya ƙi amincewa da kayen da ya sha a 2020, shi da magoya bayansa suka shigar da ƙararraki fiye da 60 waɗanda kusan duka suka faɗi, har abin ya kai ga afka wa majalisar dokoki ranar 6 ga Janairu 2021. Ni kuwa a gida zan tsaya, domin tamu matsalar ta fi tasu sarƙaƙiya. A can an yi kukan maguɗi, an bincika, ba a sami abin da zai sauya sakamako ba. A nan mun ga maguɗi da idonmu, mun kuma ji ƙaryar maguɗi da kunnenmu, kuma abin da yake cin dimokuraɗiyyarmu shi ne har yau ba mu da wata hanya ta rarrabe wannan da wancan wadda kowane ɓangare zai sallama mata.

Duk wanda ya ce wa ɗan Nijeriya kukan maguɗi kukan wanda ya faɗi ne kawai, bai yi masa adalci ba. A 1983 jam'iyyar NPN mai mulkin ƙasa ta yi iƙirarin lashe Jihar Ondo, garin Akure ya kama da wuta, kotu ta mayar wa Michael Ajasin kujerarsa ta gwamna, kuma wata uku bayan an rantsar da Shehu Shagari karo na biyu sojoji suka karɓe mulki. Zaɓen 2007 kuwa, wanda shugaba mai barin gado, Olusegun Obasanjo, ya kira na ko a mutu ko a yi rai, wanda ya ci shi da kansa, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya faɗa a jawabin rantsuwarsa na 29 ga Mayu cewa akwai kurakurai a cikinsa. Kotun Ƙoli da ƙyar ta tabbatar da shi, alƙalai huɗu suka amince, uku suka ƙi. Daga baya kotuna suka ƙwace kujerun gwamna a Edo da Ondo da Ekiti da Osun suka miƙa wa waɗanda hukumar zaɓe ta ce sun faɗi, wasu bayan an shafe fiye da shekara uku wani yana mulki da ƙuri'ar da ba tasa ba. Mutumin da ya ga wannan, in an ce masa ya kwantar da hankalinsa ya yarda da hukuma, yana da hujjar yin shakka.

To amma mu dubi 2011, domin a nan ne darasin ya fi ɗaci. Masu sa ido na gida da na waje sun yi ittifaƙi cewa zaɓen da Farfesa Attahiru Jega ya gudanar ranar 16 ga Afrilu ya fi na 2007 tsabta nesa ba kusa ba, amma shi ne ya fi zubar da jini. Goodluck Jonathan ya sami ƙuri'u kusan miliyan 22 da rabi, Muhammadu Buhari ya sami miliyan 12 da ɗoriya, ya kuma lashe jihohi 12, dukkansu a Arewa. Ku yi tunanin matashi a Zariya ko Azare wanda ya amsa kiran a kasa, a tsare, a raka, ya tsaya a rumfarsa aka ƙirga a gabansa, ya ga ɗan takararsa ya kwashe kusan komai, ya tambayi unguwar gaba aka ce haka, ya buga waya garin iyayensa aka ce haka. Duk duniyar da yake iya gani ta zaɓi mutum ɗaya. Da aka ce masa wancan mutumin ya faɗi da tazarar miliyan 10, ba ya buƙatar wata hujja kafin ya yarda an yi sata, domin bai san ko mutum ɗaya da ya zaɓi ɗaya ɓangaren ba. Ɗan'uwansa na Fatakwal ko Yenagoa shi ma haka yake a tasa duniyar. Na san jam'iyyar CPC ta Buhari ta yi ƙorafi a kan alƙaluman wasu jihohin kudu inda Jonathan ya sami sama da kashi 95 cikin ɗari, kuma ƙorafin ya cancanci a duba shi. Amma kafin a duba, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku, ciki har da masu yi wa ƙasa hidima a Bauchi da ɗaruruwan mutane a Zonkwa da Kafanchan, inda rikicin ƙuri'a ya rikiɗe ya zama na addini da ƙabila. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu da ya binciki lamarin ya ambaci rashin kyakkyawan mulki da taƙaddamar karɓa-karɓa, ya kuma ambaci kalaman 'yan siyasa da mabiya suka fahimta a matsayin izinin ɗaukar doka a hannu.

Wannan ita ce ɓarnar rabuwar kawuna ta farko. Idan ƙuri'a ta bi layin yanki da addini, kowane ɓangare yana zaune ne cikin masu ra'ayinsa, sai faɗuwa ta zama abin da hankali ba ya ɗauka. Yanzu kuma waya ta ƙara ruruta abin, domin zauren WhatsApp da shafin Facebook na kowa cike suke da mutanensa, kuma sojojin baka na rediyo sun san cewa wanda ya fi iya zagi shi ake ci gaba da biya wa kuɗin fili.

A 2015 Allah ya kiyaye, kuma akwai sababi. An yi amfani da katin zaɓe na dindindin da na'urar tantancewa, 'yan takara sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya, kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar ya yi ta kai-komo, sannan Jonathan ya kira Buhari a waya ya amince da shan kaye ranar 31 ga Maris tun kafin a kammala bayyana sakamako. Sai dai wannan halin mutum ɗaya ne, kuma ƙasa ba za ta dogara da samun irinsa kowace shekara huɗu ba.

Zan daɗe kaɗan a kan 2023, saboda a nan aka yi alƙawari mafi girma. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba wa BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, gindin zama, hukumar INEC kuma ta yi ta nanata cewa da an gama ƙirga a rumfa za a ɗauki hoton takardar sakamako, wato EC8A, a ɗora a IReV, shafin hukumar na intanet, kowa ya gani nan take. Hikimar a fili take, domin mafi yawan aringizo tsakanin rumfa da cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa da ta ƙaramar hukuma yake faruwa, inda 17 kan wayi gari ta zama 170. Ranar 25 ga Fabrairu sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Ko da a ce tangarɗar gaskiya ce, ta faɗo daidai inda bai kamata ba, kuma aka ci gaba da tattarawa har aka bayyana Bola Tinubu da asubahin 1 ga Maris da ƙuri'u 8,794,726, Atiku Abubakar yana da 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso 1,496,687.

Ina roƙon kowa ya danne zuciyarsa ya saurari ɓangarorin biyu. Mai cewa an rubuta sakamakon ne daga sama sai ya gaya mana yadda Tinubu ya faɗi a Legas, yadda APC ta faɗi a Katsina mahaifar shugaba mai ci a lokacin, wato Buhari, yadda gwamnoni masu ci irin na Binuwai da Enugu da Kebbi suka nemi kujerar sanata suka rasa, da yadda 'yan hamayya uku suka raba ƙuri'u sama da miliyan 14 a tsakaninsu. Mai cewa komai ya tafi daidai shi kuma sai ya gaya mana abin da ya faru a Jihar Ribas, inda 'yan jarida suka tattara takardun rumfuna daga shafin hukumar kanta suka ga ba su dace da abin da aka bayyana ba, ya kuma gaya mana yadda kwamishinan zaɓe na Adamawa ya tashi a watan Afrilu ya bayyana wadda ta ci kujerar gwamna alhali ba a gama tattarawa ba kuma ba hurumin ofishinsa ba ne, har sai da hedikwata ta soke. Ra'ayina shi ne dukkan waɗannan gaskiya ne a lokaci guda, kuma rabuwar kawuna ta hana mu riƙe su tare. Wanda ya yi kuɗin goro ya ce duk zaɓen ƙarya ne ya taimaki ɓarawon Ribas, domin ya ɓoye shi cikin taro. Wanda ya ce babu komai shi ma ya taimake shi.

Da alƙalin da kowa ya yarda da shi, da abin ya zo da sauƙi. Mai ƙara yana da kwana 21 ya shigar da ƙararsa, kotu tana da kwana 180 ta yanke hukunci, kuma nauyin kawo hujja duka a kansa yake, a ƙasar da take da rumfunan zaɓe fiye da dubu 176. Kotuna sun saba neman shaidu rumfa-rumfa. Atiku ya kawo shaidu 27, Obi ya kawo 13. Ranar 6 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa ta kori ƙararrakin, ranar 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta tabbatar, inda aka ce shafin IReV na kallo ne kawai, rashin ɗora sakamako a kansa ba ya rushe zaɓe. Ta fuskar doka ana iya kare wannan hukunci. Amma abin da talaka ya ji shi ne alƙawarin da aka yi masa kafin zaɓe ba ya ɗaure kowa bayan zaɓe.

Kano ta nuna mana ɗaya fuskar. Hukumar zaɓe ta ba Abba Kabir Yusuf ƙuri'u 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna 890,705. Ranar 20 ga Satumba 2023 kotun zaɓe, wadda ta karanta hukuncinta ta intanet, ta zaftare ƙuri'u 165,663 bisa dalilin cewa babu sa hannu da hatimi a takardun, ta ce Gawuna ne ya ci. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan tsige gwamnan a watan Nuwamba, amma da rubutaccen hukuncin ya fito sai aka ga wani sashe nasa yana faɗin akasin abin da aka karanta, kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar wa Abba ƙuri'unsa. Abin lura shi ne waɗanda suka tsine wa kotu a Satumba su ne suka yi mata kirari a Janairu, waɗanda suka yi kirari a Satumba kuma suka koma tsinuwa. 'Yan kaɗan ne a kowane ɓangare suka tsaya a kan tambayar da ta fi muhimmanci, wato ko daidai ne a hukunta mai jefa ƙuri'a saboda sakacin jami'in zaɓe. Haka abin yake ko'ina. Jam'iyyar da ta kare INEC a Abuja ita ta yi ƙararta a Kano da Filato da Zamfara, jam'iyyar da ta la'anci zaɓen 25 ga Fabrairu kuma sanatocinta da suka ci a ranar, a rumfuna ɗaya, sun karɓi rantsuwa ba tare da wani ƙorafi ba.

Sakamakon wannan yana nan a alƙaluman fitowar jama'a. A 2003 an ce kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fita, a 2011 kusan 54, a 2015 kusan 44, a 2019 kusan 35, a 2023 kusan 27, daga cikin mutum sama da miliyan 93. Wani ɓangare na wannan faɗuwa alheri ne, domin na'ura ta rage ƙuri'un boge da suke kumbura alƙaluman baya, kuma ƙarancin takardun naira ya hana wasu tafiya a 2023. Amma sauran na mutanen da suka yanke ƙauna ne. Wanda ya yarda cewa ƙuri'arsa ba ta da tasiri shi ne ya fi sauƙin sayar da ita a kan taliya da sabulu da turmin atamfa, kuma shi ne ba zai fito ya kare tsarin ba ranar da wani ya zo rushe shi. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi taƙaddama a kan zaɓen Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, kuma da sojoji suka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023, masu fitowa murna a Yamai ba su yi kaɗan ba.

Magani ba sabo ba ne. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya miƙa rahotonsa a Disambar 2008, ya ba da shawarar a fitar da zaɓo shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai a sa Majalisar Shari'a ta Ƙasa a ciki, a ɗora wa hukumar zaɓe nauyin tabbatar da cewa sakamakonta sahihi ne, a kammala shari'ar zaɓe kafin rantsuwa, a kuma kafa hukumar hukunta masu laifin zaɓe. PDP ta yi mulki ta bar waɗannan a takarda, APC da ta yi ta ambaton rahoton lokacin tana hamayya ita ma ta hau ta bar su. Kuma mun ga inda aka gwada wani abu makamancin haka. A Gana an haska shari'ar zaɓen 2012 kai tsaye a talabijin wata da watanni, aka baje takardun rumfuna kowa yana gani, kuma da aka yanke hukunci a Agustan 2013 Nana Akufo-Addo ya ce bai gamsu ba amma ya karɓa. A Kenya Kotun Ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa ranar 1 ga Satumba 2017 saboda matsalar aika sakamako da kuma ƙin buɗe wa kotu na'urorin hukumar.

Ga jam'iyyu kuwa, doka ta ba wakilinku na kowace rumfa damar sa hannu ya karɓi kwafin EC8A. Jam'iyyar da ta kasa tura wakili, ko ta tura ta hana shi kuɗin abinci har abokin hamayya ya saye shi, ta zubar da hujjarta tun kafin rana ta faɗi, kuma taron manema labarai ba zai dawo mata da ita ba. Wanda zai ce an yi maguɗi, ya faɗi jiha, ya faɗi ƙaramar hukuma, ya faɗi mazaɓa da lambar rumfa, ya ajiye takardarsa kusa da ta hukuma. Ita ma hukumar a tilasta mata da nassin doka ta fitar da tata kafin ta bayyana wanda ya ci.

Shugaban taro, na ga lokacin da aka ba ni ya cika, sauran sai a wajen tambayoyi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.