Camden Park: gidan gonar da tumaki suka gina

A shekarar 1788, 'yan shanun da Turawan Ingila suka sauka da su a Sydney ta ƙasar Ostireliya suka ɓalle suka faɗa daji. Aka yi nema har aka gaji. Sai bayan shekara bakwai aka gan su a hayin kogin Nepean, sun hayayyafa, sun yi ɓul-ɓul. Saniya ai ba ta zama inda ba ciyawa. Wannan makiyaya, ƙasar kabilar Dharawal tun kaka da kakanni, ita John Macarthur ya ƙyalla ido a kai.

Hafsan soja ne, ya iso Ostireliya a 1790 da matarsa Elizabeth. Mutum ne mai neman rigima kamar ya ci ƙafar kare. A 1801 suka yi fito-na-fito da bindiga da kwamandansa, ya harbi kwamandan a kafaɗa, aka tasa ƙeyarsa Ingila don a yi masa shari'a. Maimakon hukunci, sai ga shi a 1805 ya dawo da takardar kyautar fili eka 5,000, da tumakin merino, irin masu ulu mai laushi, daga garken Sarki George na Uku na Ingila. Ya raɗa wa gonar Camden, sunan ministan da ya sa hannu. Dharawal kuwa, ba wanda ya ce musu kanzil.

Bai daddara ba. A 1808 da shi aka tumɓuke Gwamna William Bligh, abin da ya sa ya bar ƙasar a 1809, bai sake taka ta ba sai 1817.

To, wa ke riƙe da garken duk tsawon shekarun nan? Elizabeth. Ita ke sa ido kan fursunonin da aka ba su kiwo. Ita ke tabbatar an zaɓi ragunan kirki don barbara, an wanke ulu, an ɗaure shi dami-dami an loda a jirgi zuwa Landan. Maigida yana can yana aiko da wasiƙun umarni.

Katafaren gidan gonar Camden Park, John Verge ne ya zana shi, aka kammala a 1835. Macarthur bai kwana ciki ba, ya mutu a 1834 bayan fama da taɓin hankali. Har yau zuriyarsa ce ke zaune a gidan.

Da Ostireliya ta buga takardar dala 2 a 1966, hoton John aka sa, ga rago a gefensa. Elizabeth ba ta ciki.