Abin da jinin saniyar tatsa ke faɗa game da wahalarta

Duk mai tatsa a Tawa ta Nijar ya san wannan: a bazara, ko ranar da aka sauya wa saniya mai tatsarta, sai ta riƙe nono. Hantsa cike, ƙwarya babu komai. To ana iya auna wannan damuwa a cikin jininta.

Sinadarin da ake nema sunansa kotizol. Wasu ƴan ƙananan sassan jiki ne da ke kusa da ƙoda ke fitar da shi, da umarnin ƙwaƙwalwa, idan dabba ta ji tsoro, zafi ko ciwo. Na ɗan lokaci amfani yake yi, yana ƙara sukari a jini don ta samu ƙarfin gudu. Idan ya daɗe sama kuwa, garkuwar jiki ta yi rauni, nono ya ja baya, ɗaukar ciki ma ya yi wuya.

Ku dubi hannun likitan dabbobi. Ya ɗaga wutsiya, ya soka allura a jijiyar ƙarƙashinta, ko kuma a ta wuya. Jini kaɗan ne, bai wuce cokali ba. Sai kwalbar ta shiga akwatin ƙanƙara, domin zafin watan Afrilu a nan yana wuce digiri 40. A ɗakin gwaji na'ura za ta juya jinin har ruwansa ya rabu, a auna shi da hanyar da ake kira ELISA.

Amma fa ga inda aikin ke lalacewa. Kotizol yana soma hawa cikin ƴan mintoci da kama dabba. Idan yara sun bi saniya da gudu, an jefa mata igiya, an kayar da ita ana ihu, to kokawar nan kuka auna, ba zaman da take yi a garke ba. Shi ya sa ake son a gama cikin kamar minti 3, mai ita na tsaye yana shafa ta, maraƙinta a gabanta. Kuma awo ɗaya ba hujja ba ne. A maimaita, a lokaci guda na yini, a kwatanta saniyar Azawak, irin shanun yankin nan, da ƴar'uwarta Azawak, ba da ta Turai ba, domin ita ta saba da ranar da ke galabaitar da shanun Turai.

Wanda ba ya son allura, ana samun alamar sinadarin a nono da kashi. Gashin wutsiya kuma labarin makonnin baya yake bayarwa.