Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli, Daga Al'ummar Hausawa Mazauna Winnipeg

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Kwamishina da 'yan tawagarsa, iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata, ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba. Sannu da hanya, sannu da sanyi. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ya ƙetaro teku ya shigo tsakiyar Kanada ya nemi inda 'yan'uwansa suke ya cika shi. Allah ya saka da alheri.

Mun ji cewa za a zagaya da kai ofisoshin lardi, a nuna maka yadda Manitoba ke samun kusan dukkan wutar lantarkinta daga ruwa. Gaskiya ne, abin koyi ne kuma. Lardi a nan kamar jiha yake a gida, sai dai ikonsa ya fi faɗi: ƙasa da daji da ma'adinai da lasisin haƙarsu suna hannunsa. Amma mu da muka zauna cikin mutane, akwai abin da muke so ka ji daga bakinmu.

Ruwan da aka zuba maka yanzu daga tafkin Shoal ya fito. Sama da shekara ɗari da suka wuce, da aka tashi janyo wa birnin nan ruwa, an haƙa magudanar da ta datse ƙauyen 'yan asalin ƙasa na Shoal Lake 40, ya koma tsibiri. Da rani sai kwalekwale, da hunturu sai tafiya kan ƙanƙara, har an rasa rayuka a kanta. Tun 1997 aka umarce su da su riƙa tafasa ruwa kafin su sha, alhali birni na kwankwaɗar ruwan tafkinsu. Su da kansu suka tashi, majami'u da ɗalibai da sauran mutanen gari suka mara musu baya, aka yi ta gangami. A 2019 aka buɗe musu hanyar mota mai suna Freedom Road, a 2021 kuma aka ɗage dokar tafasa ruwan, bayan shekara 24. Wannan shi masu fafutukar muhalli a nan ke nufi idan sun ce adalci: a duba wa ya ci moriya, wa ya ɗauki wahala.

Ita ma wutar da ake alfahari da ita tana da nata bashin. A shekarun 1970 aka karkatar da kogin Churchill zuwa kogin Nelson don ƙara wa injinan samar da wuta ruwa, sai ruwa ya hau kan al'ummar 'yan asalin ƙasa ta ƙabilar Cree da ke South Indian Lake, sana'ar kamun kifinsu ta durƙushe. Duk wanda ya san abin da madatsar Tiga ta yi wa fadamun Haɗeja da Nguru ba ya bukatar dogon bayani.

Akwai labarin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa. Wani kamfani, Sio Silica, ya nemi izinin zuƙo farin yashi daga ƙarƙashin ƙasa a gabashin birnin nan, yashin da ake yin gilashi da faifan sola da shi. A takarda, aiki ne na kare muhalli. Sai dai yashin yana kwance ne cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa da dubban gidaje ke sha ta rijiyoyinsu. Manoma da matan gida suka cika zauren sauraron ra'ayi na Hukumar Tsabtar Muhalli ta lardi a 2023, suka karanta rahotanni masu kauri, suka yi tambayoyin da injiniyoyi suka kasa amsawa dalla-dalla. A watan Fabrairun 2024 gwamnatin Firimiya Wab Kinew, wanda shi ne ɗan asalin ƙasa na First Nations na farko da ya shugabanci lardi a Kanada, ta hana lasisin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma doka ta ba shi wurin faɗa.

Ba komai ne ke tafiya daidai ba. Gwamnatin nan ce ta dakatar da harajin man fetur tsawon shekarar 2024, abin da ya ɓata wa masu fafutuka rai, domin a ganinsu kuɗin ya fi dacewa da gyaran motocin bas na haya. Sannan a watan Mayun 2025 gobarar daji ta sa aka kafa dokar ta-ɓaci, aka kwashe mutum kusan 17,000 daga arewacin lardin, har da garin Flin Flon baki ɗaya. Da yawansu 'yan asalin ƙasa ne. Mun gan su a nan da jakunkuna a hannu, hayaƙi ya rufe rana, kuma matanmu sun dafa abinci sun kai musu.

Roƙonmu biyu ne, ranka ya daɗe. Kafin ka koma, ka ware ko da yini guda ka zauna da mutanen Shoal Lake da na ƙauyukan gabas, gani ya kori ji. Na biyu, ka nemi kwafin dokar da ta tanadi sauraron jama'a kafin ba da lasisin babban aiki, ka tafi da shi gida. 'Ya'yanmu da ke karatun muhalli a Jami'ar Manitoba sun ce a shirye suke su fassara ta zuwa Hausa kyauta.

Allah ya sa ka gama lafiya, ya mayar da kai gida lafiya. Iyaye mata sun yi tuwo da miyar kuka, bismillah bayan addu'a. Wassalamu alaikum.